Wa Ya Sha Ruwan Baba?

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya maigidanki, ya yara? Tela maƙwabcina ke rubuta mini kamar kullum, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Bayan haka, likitar nan da kika haɗa ni da ita ta ishe ni. Kowane wata sai ta bugo: Baba, kana iya sa maɓallin riga? Baba, kana ƙwarewa in ka sha ruwa? Baba, ka ce "aaa" har numfashinka ya ƙare. Ni akuya ne? Tun da nake ban taɓa jin inda aka duba mara lafiya da kunne ba. Ko katako sai na shafa shi nake sanin na kirki ne. Ita ko inuwata ba ta taɓa gani ba, amma wai ita za ta faɗi ranar da zan daina zama a gidana.

Ba inda za ni. Haka aka yi wa Yaya da ciwon nan ya kama shi: aka kwashe shi zuwa asibitin nesa, aka garƙame shagonsa, takalmansa kawai aka dawo mana da su. Ke kuma tun rasuwar uwarki sau nawa kika tako gidan nan? Kin aiko waya ta wakilce ki. To, ni ma na daina ɗaga kiranki. Mai magana ya rubuto.

Lafiyata ƙalau. Jiya ma na fere ƙafar kujera.

Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da gida, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yara suna gaishe ka, a gaida Kawu Tela.

Don Allah ka yi haƙuri da likita. Ciwon nan na jijiyoyi ba kowa ya san shi ba, masanansa kaɗan ne, kuma suna nesa. Wayar ce ta hutar da kai doguwar tafiya. A kira na gaba za ta ce ka kara wayar a maƙogwaro ka shanye kofin ruwa, sannan ka taka daga ƙofa zuwa taga tana saurare. In ta ji komai daidai, ba mai taɓa ka.

Maganar zuwa kuwa ka yi gaskiya, ba ni da bakin kare kaina. Amma ka riƙa ɗaga wayata, Baba. Hankalina ba ya kwanciya.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. An yi jarrabawar, an ci. Kofi cike, aka shanye shi tas, ko ɗigo bai zuba ba. Tafiya kuwa kamar ta soja. Likitarki cewa kawai ta yi, "To, Baba, Allah ya ƙara sauƙi." Ki ce mata ta nemi wani tsohon ta dama.

Ni yanzu abin da ya hana ni sukuni shagon nan ne. In na zauna a ɗaki sai in ji kamar zarto na kirana, in na shiga shago sai in rasa abin da ya kawo ni. Wanda ya kawo gyaran kujera ya zo ya ɗauke abarsa, wai na daɗe. Mutanen yanzu ba haƙuri, har da wasu da na haifa.

Mahaifinki.

Ƙari daga Tela: 'yata, ni dai abin da aka ce in rubuta shi na rubuta.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Kawu Tela, tunda kai za ka karanta masa, ka karanta duka, kada ka tsallake layi.

Likita ta kira ni. Ta ce ta ji mutum yana kwankwaɗar ruwa lafiya lau, kuma a daidai lokacin ta ji tarinka daga can gefe, tarin da ta daɗe da sani. Ta ce maƙogwaro ɗaya ba ya haɗiya da tari a tare. Mai tafiyar kuma har da ɗan fito yake yi. Baba, yaushe ka fara fito? Kawu, ruwan ya yi sanyi dai?

Na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ruwan da ke sauka a huhu shi ya tafi da yayanka Baba Babba, ba asibiti ba, ka fi ni sani. Likita ba ta ce a ɗauke ka ba. Cewa ta yi in ta ji ainihin yadda kake haɗiya, akwai dabarun da za ta koya mana ka ci gaba da zama a ɗakinka. In kuwa wani zai riƙa sha maka, ba ta da abin dogaro, dole in kai ka su gani da ido. Za ta sake bugowa mako mai zuwa.

Kuma na gane ba fushi kaɗai ya hana ka ɗaga wayata ba. Ba ka so in ji yadda harshenka ya yi nauyi. Ni ce fa, Baba. Ko da hannu ka yi mini magana zan gane.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Na faɗa wa wannan Tela ya sha a hankali irin na tsofaffi, ya kafa kai kamar raƙumi. Rubuta, Tela, kai nake nufi. Ita kuma likitar kunnen ɓarawo gare ta.

In ta sake bugowa, ni zan sha. Amma Tela ba zai riƙe mini wayar ba, na sallame shi daga wannan aikin. Ke za ki riƙe. Makullin shago yana wuyana, a nan zai zauna, kada ki zo da babbar jaka kina kalle-kallen kayana. Ɗakin uwarki na nan, na sa an share.

In za ki taho, ki zo da ƙaramin cokali, irin na yaranki. Kofin nan ya fi ƙarfina.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki.