Makunnin Zaure

Yelwa, Laraba bayan Isha'i.

Yau Malam Garba mai gyaran wuta ya gano abin da ya dame mu tun da muka fara gyaran gidan nan. In an danna makunnin zaure, fitilar ɗakin Inna ce ke kamawa, zauren kuwa duhu. Ya hau silin ya bi waya, ya sauko yana cewa wanda ya yi haɗin bai san aikinsa ba. Na ce ya yanke, ya yanke.

Da magariba Inna ta ga zaure da haske, na ba ta labari har da dariyata.

Ta ce, "Babanku ne ya sa aka yi haka. In ya dawo daga kamun kifi da asuba sai ya danna, in san ruwa ya maido shi lafiya."

Shekara uku da rasuwarsa, ashe duk wanda ya danna sai ta ɗaga kai.

Na ce gobe a mayar. Ta ce, "Bar shi, ɗana. Na huta da jira."

Guntuwar wayar tana aljihuna, na kasa yar da ita.