La'adar Agogon Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau, in ban da idon Mama. Na zaɓi takarda a kan waya don kin san ni, in na fara magana muryata tashi take yi, Mama kuwa ido ne ya yi rauni, kunne yana nan garau.

Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Kamar yadda muka yi shawara, na sauke babban agogon bangon Baba daga ɗakin Mama, na goge shi, na ɗauki hotonsa na sa a shafin gwanjo na intanet, inda nake sayar da ragowar agogunan hannu na shagonsa tun bayan rasuwarsa. Tunda ba ki taɓa shiga ba, bari in gaya miki yadda ake yi. Masu saye su yi ta tayawa, wannan ya ɗara wancan, har wa'adi ya cika, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Shafin ne ke riƙe kuɗin har kaya ya isa hannun mai shi, sannan ya cire la'adarsa, kusan kashi ɗaya cikin goma, ya turo miki saura. Dillali ne dai, sai dai ba ya shan shayin kowa.

Tayi na ta hawa, ina ta murna, sai ga Ƙwandala. Shi dai wanda kika sani, wanda Baba ya koya wa gyaran agogo, ya ci a kwanonmu, yanzu ya buɗe shagonsa a tsallaken titi yana kallon namu. Ya zo da ledar lemu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya durƙusa gaban Mama yana matsar ƙwalla. Wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba a ce agogon Baba ya tafi hannun bare. Wai kuma wasu da ba su san zafin gumin Baba ba za su yanki la'ada suna zaune, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shi zai biya daidai inda tayi ya tsaya, hannu da hannu, ba a cire ko sisi, ya rataye shi a falonsa, duk ranar da Mama ta so ta je ta ji bugunsa.

Na ce wa Mama gwanjo bai nuna ba tukuna, manyan masu saye sai dab da rufewa suke fitowa. Ta ce in ji tsoron Allah, na gida ya fi bare. Yaya, na iya musu da kowa a duniyar nan ban da matar nan. Na sauke agogon daga shafi, ya kawo kuɗi a ƙulle cikin leda, ya sa aka ɗauka.

Kuɗin bai kai na aikin ba. In da hali ki cika mana. Ki gaida yara, ki ce wa babbar ta rage tsiwa, gida ɗaya ba ya ɗaukar irina biyu.

Ƙanwarki,
Barkono

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, Allah ya ƙara buɗi, ya sa yara su yi miki fiye da haka. An sa mana ranar aiki.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Agogon Baba yana shafin gwanjo. Shekaranjiya ina duba farashin wasu agoguna na ci karo da shi, a shagon wani mai taurarin yabo biyar da sunan kasuwanci mai daɗi. Da farko na ce mai kama ne. Na buɗe hoton na ga tsagewar nan ta gefen katako, wadda na yi da murfin tukunya ranar da na jefe ki na kuskure. Na ƙara matso da hoton, sai ga Ƙwandala a cikin gilashin agogon, tsaye riƙe da waya, har haƙorinsa na gaba mai giɓi. Ko dabarar kauce wa gilashi bai yi ba. Ashe ya daɗe yana kasuwanci a shafin da ya zo yana zagi a gaban Mama. A ƙarƙashin hoton ya rubuta wai gadon maigidansa ne da ya riƙe shi kamar ɗa. Tayin kuwa ya ninka abin da ya ba mu har na daina lissafi don kada zuciyata ta buga.

Na tsallaka titi ko mayafi ban gyara ba. Na same shi da madubin gyara a ido yana tsintar wani ƙaramin dunƙulen ƙarfe. Bai ko ɗago ba. Ya ce abin da mutum ya saya nasa ne, kasuwa ce, wani ya yi rawa ya samu kuɗi wani ya yi ya sha duka. Na tambaye shi ina falon da za a rataye. Ya ce falon na yoyo. Da zan fita har da cewa in gaida Mama.

Ban faɗa wa Mama ba, ba na so hawan jininta ya tashi a ɗaga aikin. Amma wallahi Yaya na tsane shi, tsana irin wadda ke hana abinci wucewa. Kuɗin da ya ci bai dame ni ba kamar durƙuson da ya yi. Ya dubi tsohuwa da ba ta gani sosai, ya yi mata kukan ƙarya, ta sa masa albarka har tana shafa kansa.

Na kwana ina juyi, sai na tuna dalilin da ya sa Baba ya laƙaba masa Ƙwandala. Mutumin da ke bin mai shayi a ba shi canjin da bai kai kuɗin ashana ba, shi ne zai zuba ido a yanki kashi ɗaya cikin goma na wannan uban kuɗi? Hali zanen dutse. Ta nan zan kama shi, kuma sai agogon nan ya koma kan ƙusarsa.

Kada ki kira ni da wa'azi. Ki gaida maigidan.

Taki,
Barkono

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki albishir. An yi aikin Mama lafiya, ido na naɗe da bandeji, tana ta mitar an hana ta sunkuyawa. Yaya jikin ƙaramin naku, zazzaɓin ya sauka?

Na ga takardarki. Kin ce ramin mugunta a gina shi gajere. Na ji, Yaya. Nawa daidai tsawon Ƙwandala na gina shi, kuma ya faɗa.

Shafin yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: duk wanda aka kama yana jan mai saye waje don a kauce wa la'ada, rufe shagonsa ake yi. Sai na ari lambar ƙawata tela, na buɗe sabon suna, na zama wani attajiri mai tara tsofaffin agoguna. Na rubuta masa a akwatin saƙon shafin cewa agogon ya shiga raina, zan ɗora a kan tayin da ya fi kowanne, amma me zai sa mu ciyar da dillali? Ya sauke kayan mu gama a waje. Har karin maganarsa na mayar masa, ta kura da gardi. Ina daga shagonmu ina hangensa lokacin da saƙon ya shiga. Ya karanta, ya miƙe, ya zauna, ya cire hula ya mayar.

Shayina bai huce ba amsa ta zo. Ya ce ranka ya daɗe ai maganarka dutse, shi ma la'adar nan ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Ya turo lambar wayarsa da ta asusunsa, duk a cikin akwatin shafin, ya sauke agogon daga gwanjo ana tsakiyar tayi. Na ɗauki hoton kowace kalma na tura wa masu shafin. Attajiri kuma ya ɓace.

Sun rufe shagonsa na shafin. Taurarin da ya shekara da shekaru yana tarawa, da yabon masu saye, da abokan cinikinsa na nesa, duk sun tafi a yini ɗaya. Sun rufe sunan attajirina ma, Allah raka taki gona. Yanzu Ƙwandala sai zaman benci a ƙofar shago yana latsa waya yana tsaki. Jiya na gaishe shi da kyau, na tambaye shi ya kasuwa. Ya ce sai godiya. Na ce ai kuwa a gode.

Kin tambaya ko la'adar nan ta cancanci a biya ta. Da can ni ma tsaki nake yi in na ga an yanka. Yanzu kuwa da murmushi nake biya. Ita ce kuɗin taron jama'ar da ba zan iya tarawa a ƙofar shago ba, ita ce kuɗin wanda ke riƙe amana tsakanina da mutumin da ban taɓa gani ba. Kuma ita ce ta sayo min wannan kallon da nake sha kyauta a tsallaken titi.

Saura mataki ɗaya. Ba shi da inda zai samu irin wancan tayin a nan kusa. Zan bar shi ya bushe, sannan in tsallaka da daidai abin da ya ba mu, a cikin irin ledarsa, in ce na taya. Ina ta sayar da agogunan hannu ina tarawa. So nake ranar da za a kwance wa Mama ido, agogon ne farkon abin da za ta gani.

Ki yi min addu'a ko ba ki yarda da hanyar ba.

Ƙanwarki mai jin daɗi,
Barkono

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. An kwance idon Mama, tana gani tar, har ta ce ashe na rame. Alhamdulillahi.

Agogon ya tafi, Yaya. Ban kai ga tsallakawa da ledata ba.

Da aka rufe Ƙwandala a shafin, sai ya riƙa yaɗa hoton agogon a waya, daga wannan zauren hira zuwa wancan. Wani ya kira shi, ya zo da mota mai kyau da ƙamshin turare, bai ko nemi ragi ba. Ya latsa waya, wayar Ƙwandala ta yi ƙara, ga saƙon shigar kuɗi. Da hannunsa Ƙwandala ya naɗe agogon a bargo ya sa a bayan mota, har yana ɗaga hannu. Da ya je banki aka ce ba abin da ya shigo, saƙon na bogi ne. Lambar mutumin a kashe. Babu dillali a tsakani, babu wanda ya riƙe kuɗi, babu wanda za a kai wa ƙara. Bai biya la'ada ba kam, ko sisi.

Ya zo gida ya faɗi gaban Mama, wannan karon kukan gaske, har da majina. Ya faɗi komai, da ƙaryar falo da gwanjon. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta wanke shi tas. Sai ta ce ya ci amana, amma duniya ta riga ta hukunta shi, ita ta yafe. Daga nan ya ba ta labarin attajirin da ya yaudare shi aka rufe masa shago. Mama ta ce da wannan mugun bai shiga tsakani ba, da agogon ya tafi hannun mai son sa, an san inda yake, ko hotonsa a roƙa. Ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, ko wane ne. Ƙwandala ya ce amin. Ta juyo da sabon idonta ta dube ni, tana jira. Na ce amin, Yaya. Da bakina na ce.

Kada ki zaci na ji tausayinsa. Ko kaɗan. In na hango shi a kan bencin nan har yanzu wani sanyi nake ji a raina, kuma ko gaisuwarsa na daina amsawa. Abin da ban lissafa ba shi ne ramuwa ma dillaliya ce, tana da tata la'adar. Shafi kashi ɗaya yake cirewa ya bar miki tara. Ita kuwa da ta tashi yanka, agogon ta ɗauka gaba ɗaya.

Kin tuna inda yake rataye? Fentin wajen ya fi na sauran bangon haske, siffarsa ta fito sak, da ƙusar a sama. Da can Mama ba ta ganin wannan. Yanzu da muka gyara mata ido, shi take kallo. In lokacin sallah ya gabato sai ta ɗaga kai can, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na sayo na roba mai batir na rataya a kan ƙusar, ta ce in sauke, ba ta son abin da ba ya magana.

Kuɗin da na tara suna nan a cikin ledar, ban san me zan saya da su ba. Ki ƙona wannan takardar da wadda ta gabace ta. In kin zo kuma Mama ta sake ɗaga hannu a kan attajirin nan, don Allah ke kada ki ce amin.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Barkono