Kwaɗon da Ke Cikin Kabad

Kawu, don girman Allah ka ture duk wasiƙun da ke gabanka ka fara da tawa, domin tawa tana da wa'adi. Asabar mai zuwa ko dai in fita kunya, ko in nutse cikinta har wuya. Ka yi haƙuri kuma idan ka ga rubutun yana tsalle-tsalle, ni ma haka nake tun da aka sa ranar aurena. Umma ta ce ko tsintsiya na ɗauka sai na yi mata murmushi.

Sana'ata haɗa kiɗa a kwamfuta: tallan sabulu, tallan makaranta, ɗan kiɗan nan da ake sawa kafin a fara shiri. Ba ni da situdiyo. Teburin cin abincinmu da ke falo shi ne ofishina, kayan kiɗana kuwa ƙaramin kibod ne guda, sauran duk filogin ne. Idan ba ka san su ba, Kawu, ƙananan manhajoji ne da ake cusawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, kowanne ya zama kamar wani kayan kiɗa. Waɗanda na fi so su ne sintisaiza, masu ƙera sauti daga babu: ka murɗa nan, ka ja can, sai ka ji abin da kunnenka bai taɓa ji ba. Na kyauta nake amfani da su, waɗanda wasu bayin Allah suka rubuta suka saka a intanet.

A cikinsu akwai wani tsoho, mummuna, kore shar, wanda mai shi ya watsar tun ina makaranta, ko shafinsa ma ya mutu. Wata rana ina wasa da shi hannuna ya zame, sai ga wani sauti ya fito, tsakanin kukan kwaɗo da dariyar jariri. Na yi dariya har na faɗo daga kujera. Na sa masa suna Kwaɗo. To Kwaɗon nan shi ya samo mini aikin da ya fi kowanne a rayuwata, kiɗan wani shirin yara na zane mai motsi a talabijin. Mai shirin ta ce duk inda jarumin zanen ya yi tuntuɓe, Kwaɗo take son ji, kuma kowane mako da sabuwar waƙarsa. Yaran layinmu ma shi suke kwaikwayo idan ɗayansu ya faɗi.

Yanzu ga wanda zan aura. Mai gyaran kwamfuta ne, Umma tana ce masa Mai Sukundireba, saboda ko zance ya zo akwai ɗaya a aljihun gabansa. Kawu, mutumin nan! Ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma, kafin a kawo masa ruwa ya gyara rimot da ƙofar firij. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, kishiyar Windows. Shi a wurinsa manhaja dole ta zama a buɗe, kowa ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani. Idan ya kama wannan bayani idonsa har ƙyalli yake yi. Ni kuwa rabi nake fahimta, sauran rabin kallonsa kawai nake.

Bayan sa rana ya kawo mini kyauta: kwamfuta, wadda ya haɗa da hannunsa, ya sa mata Linux. Ba ta ƙara, ba ta zafi, kafin in gama bisimilla ta tashi, kuma sunana take fara nunawa. Ya zuba mini sintisaiza na kyauta masu buɗaɗɗen rubutu, wasu sun fi nawa nesa ba kusa ba. Na yi kuka, shi ma ya juya yana wai gyaran labule.

Yana fita na kwafo Kwaɗo na saka. Shiru. Manhajar ko ganinsa ba ta yi. Ashe don Windows kaɗai aka gina shi. Na ce ba komai, zan ƙera wani a sababbin. Na murɗa har yatsuna suka yi tsami. Na samu agwagwa, na samu ƙofa mai tsatsa, na samu wani abu sak Baba yana gyaran murya, amma Kwaɗo babu.

Washegari ya tambaye ni yaya sabuwar, fuskarsa kamar ta yaron da ya zo na ɗaya ya kawo sakamako gida. Kawu, kai ma da ka ga fuskar nan ba za ka iya ba. Na ce masa komai na tafiya sumul. Tun daga ranar, aikina a tsohuwar kwamfutata mai Windows nake yi, da na ji ƙarar babur ɗinsa sai in cusa ta cikin kabad ɗin ƙarƙashin talabijin, tsakanin farantan baƙi, in buɗe sabuwar in yi zaman mai aiki. Matsalar ita ce sau da yawa tsohuwar tana tsakiyar fitar da waƙa, ba dama in kashe ta, fankarta kuwa idan ta taso kamar janareta. Umma ta shigo cikin makircin da kanta. Da ta ji fanka ta taso sai ta ƙara muryar rediyo, in ba wuta ta kama tari. Rannan ta yi tari har washegari ya zo mata da maganin tari. Ka ga irin kirkinsa? Ni ma ya kawo mini wani faifai mai fanka da ake ɗora kwamfuta a kai ta sha iska, ko da yake sabuwar ba ta zafi, faifan ma ya yi mata girma. Har shawara ya ba Umma wai kabad ɗin katako yana son iska don kada ya yi fumfuna, ya tashi da kansa ya ɗan buɗe ƙofarsa. Saura ƙiris in suma.

Ga inda abin ya ƙare. Suna da ƙungiya ta masu son buɗaɗɗiyar manhaja, suna haɗuwa a wani ɗaki a saman shagon buga takardu. Sun ji labarin amaryarsa ce ke kiɗan shirin yaran nan, sun gayyace ni ranar Asabar in zo da sabuwar kwamfutar in kaɗa musu Kwaɗo, a haɗa da majigi kowa ya ga allon. Na ce to. Da murmushi ma na ce to!

Na yi tunanin ciwon ƙarya. Na yi tunanin ɓoye tsohuwar a jaka in jawo doguwar waya. Yayata ta ce ita za ta laɓe bayan labule ta yi kukan da baki, kuma wallahi ta iya. Ba fushinsa nake tsoro ba, Kawu, ban taɓa ganin fushinsa ba. Fuskar nan nake tsoron gani ta faɗi, a gaban abokansa kuma. Kwaɗo kuwa shi ne abincina. In gaya masa? Ta yaya? Ka cece ni.

Taka,
Uwar Kwaɗo

*

'Yata Uwar Kwaɗo,

Na daɗe a wannan fili, kuma an kawo mini labarin abubuwa iri-iri da mutane ke ɓoyewa a kabad, amma kwaɗo sai yau. Allah ya sanya alheri a wannan aure. Ki gaishe da Umma, ki ce Kawu ya ce ta huta haka, huhun babba ba abin wasa ba ne.

Wasiƙarki ta sa na ɗora tabarau a hanci na wuni ina karatun abin da ban yi zaton zan karanta ba a shekaruna. Abin da na fahimta shi ne, ku biyun kalma ɗaya kuke faɗi amma kowa da abin da yake nufi. Ke idan kin ce na kyauta, kina nufin ba a biya. Shi kuwa yana nufin an bar rubutun manhajar a buɗe. Kwaɗonki na kyauta ne amma a rufe yake, mai shi ya tafi da makulli, shi ya sa babu wanda zai iya sake gina shi don Linux komai ƙwarewarsa. Saboda haka ki daina ganin kamar ke kika kasa.

Kafin mu zo kan soyayya, a ceci abinci. Yau ɗin nan, ki ɗauki hoton allon Kwaɗo yadda kowane maɓalli zai fito inda kika ajiye shi. Sannan ki kaɗa shi sauti bayan sauti, daga ƙasan kibod zuwa sama, gajere da dogo, ki naɗe su, ki ajiye a wuri biyu. Naɗaɗɗen sauti ba ruwansa da Windows ko Linux, kuma akwai manhajojin kyauta da za su jera miki su a kan kibod ki kaɗa abinki. Ba za ki iya murɗa shi yadda kika saba ba, amma zai yi kuka. Na ce yau ne saboda dukan sana'arki tana zaune cikin tsohuwar na'ura da kike gasawa tsakanin faranti. Ranar da ta gaji, babu shafin da za ki koma. Akwai kuma wasu manhajoji da ke zama gada, su sa filogin ɗin Windows ya yi aiki a kan Linux. Wani yana hayewa lafiya, wani ya tsaya a tsakiya ya ƙi gaba. Sai an gwada ake sani. In ma duk sun ƙi, babu dokar da ta hana mace kwamfuta biyu.

Angon naki yana da nasa laifin. Ba a sauya wa mai sana'a kayan aiki ba tare da an tambaye shi me tsofaffin ke yi masa ba, ko da sababbin na zinariya ne. Masu tsananin son abu haka suke, suna zaton duk wanda suke ƙauna jira kawai yake a nuna masa hanya. Amma ke ma kin ɗauke shi kamar kofin tangaran, kin yanke masa hukuncin cewa ba zai iya jin gaskiya ƙarama ba, alhali kina shirin zama da shi inda gaskiya manya ke jira.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a hankali, kamar wata ce ta rubuto miki. Mutumin da ke wuni yana sauraron fankar kwamfuta, ya zauna a falonku janareta na ruri a cikin kabad. Ya kawo faifan sanyaya wa kwamfutar da ba ta zafi, faifan kuma ya yi mata girma. Ki je ki ɗora tsohuwar a kai, in bai zama cif-cif ba ki rubuto ki ce Kawu ya tsufa. Sannan ya tashi da kansa ya buɗe ƙofar kabad, wai saboda fumfuna. 'Yata, ya sani. Ya daɗe da sani. Kina ɓoye masa kwamfuta don kada ransa ya ɓaci, shi kuma yana lallaɓawa yana ba ta iska don kada ki ji kunya. Maganin tarin ne kaɗai ban tabbata ba, ko tausayi ne ko tsokana.

Saboda haka kada ki jira Asabar. Da kin ji ƙarar babur, ki bar tsohuwar a kan tebur, a kan faifansa, kusa da sabuwar. Ki ba shi haƙuri a kan ƙaryar, a taƙaice, ba sai da hawaye ba. Ki gaya masa abin da kike so a kyautarsa, tunda akwai shi da yawa, sannan ki ce Kwaɗo ya ƙi shiga, ki nemi taimakonsa. Ina tabbatar miki, a wurin irin mutumin nan babu kyautar da ta kai a miƙa masa abin da ya ƙi aiki. Fuskar da kike tsoron ta faɗi, sai kin roƙe ta ta tafi gida.

Ranar Asabar kuwa ki tafi da kwamfutocin biyu, ki faɗa wa ƙungiyar yadda abin yake. Ɗaki ne cike da mutanen da hannunsu ke ƙaiƙayi. Da kin kawo musu abin da ke aiki, tafi kawai za su yi su watse. Ki kawo musu kwaɗon da ya ƙi haye gada, ki ga yadda za a yi rububinsa. Yayarki ta zauna a gida, a ajiye baiwarta don wata rana.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci sana'arki, ya ba Umma lafiyar da dama tana da ita. A fito da Kwaɗo ya sha iska, farantan baƙi ma su huta.

Naku,
Kawu