Noti Na Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Mama, ƙafar ta sake ta kuwa? Yaya yara da makaranta? Ni lafiya lau, sai murar da ba ta rabuwa da mai aiki a ɗakin sanyi. Ban kira ki ba don na san wayarki ta kowa ce a gidan, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Ranar Talata da safe na ga abin da ya hana ni sukuni. Amma bari in fara bayyana miki aikin, tunda kullum cewa kike ni mai gadin firji ne. Ɗakin namu cike yake da dogayen kabad na ƙarfe, kowace da gurabe a jere kamar durowa, kowane gurbi da faifai ɗaya. Faifan bai wuce tafin hannu da yawa ba, amma a cikinsa ake ajiye bayanan mutane, na asibiti da na 'yan kasuwa. Ba a zuba ajiya a faifai guda. Rarraba ta ake yi a kan 'yan jere ɗaya, yadda in ɗaya ya mutu sauran za su rufa masa asiri. A ƙarshen kowane jere kuma akwai wanda ba ya komai sai zaman ko-ta-kwana. Da jar wuta ta kama, shi ke karɓar aikin wanda ya mutu, don haka dole ya zama sabo fil.

Nawa aikin shi ne in ɗaura faifai a kan farantinsa da noti huɗu, in tura shi gurbi har ya ce ƙas. Maigidanki ne ya koya mini, shi ya samo mini aikin, ban kuma manta ba.

To, da safen nan ina goge fuskar kabad, sai na ji wani na ko-ta-kwana yana karkarwa a ƙarƙashin tafina kamar mai zazzaɓi. Irinsa ana iya zare shi ba a yi ɓarna ba, sai na zaro. Noti uku na tarar. Takardar bayansa ta yi ja-ja, an kankare gefenta. Yaya, da hannuna na fasa kwalin waɗannan, suna ƙamshin sabunta na ɗaura su. Na zaro na gaba, noti uku. Na gabansa ma haka. An kwashe sababbi an cusa tsofaffi.

Kin tuna ƙyauren kicin ɗinki da maigidanki ya ɗaura miki, da kujerar Mama? Kullum cewa yake uku sun isa, na huɗu ado ne. Ni ne kawai yake sa wa dokar huɗu, wai don Oga yana dubawa.

Ban ce shi ne ba. Zato zunubi. Sai dai mu uku ke da katin buɗe ɗakin: ni da shi da Oga, Oga kuwa ban taɓa ganinsa da sukudireba ba. Gurabe kuma a wuyana suke, duk ranar da aka gano ni za a fara nema. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, kin ga wani canji a tare da shi in ya zo hutun ƙarshen mako? Kada ki nuna masa takardar nan.

Ki gaida Mama, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Auta.

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama, Allah ya ƙara mata sauƙi. Amsarki ta iso, na karanta a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Kin kira ni butulu, wai an yi mini rana ina neman in yi wa mutane dare. Na ji, babba ce ke, ba zan rama ba. Na ga inda kika ce mutumin da nake zargi, saboda son aiki har da ƙananan notuna yake dawowa gida a aljihu, kin gaji da tsince su wajen wanki kina tarawa a gwangwanin madara. Na kuma ga labarin sabon firji. Allah ya sa a kashe lafiya.

Na same shi a bencin bayan janareta, inda muke cin abinci, na gaya masa abin da na gani, ban ɗaga murya ba. Dariya ya yi, ya ce to Malam Ido, yaushe ka zama ɗan sanda? Wai faifan da ba ya komai sai barci, ina ruwan wani da shekarunsa. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Sai ya aika aka sayo mini lemo mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba tunda na fara aiki, ya dafa kafaɗata yana cewa ɗan'uwa rabin jiki. Lemon nan ya fi maganarsa tsorata ni. Tun daga ranar, in na shiga ɗakin sai ya sami dalilin shigowa, in na durƙusa gaban kabad sai in ji tsayuwarsa a bayana.

Na yi shiru kamar yadda kika so, ina fatan zai maido sababbin da aka kwashe a ɓoye. Jiya abin ya fashe. Jar wuta ta kama a jeren da ke riƙe da bayanan wani asibiti. Na ko-ta-kwana ya karɓi aiki, ana cikin juye masa ajiya shi ma ya yi ja. Jeren ya koma tsaye da ƙafa ɗaya, da wani ya ƙara mutuwa da shi ke nan, bayanan marasa lafiya sun tafi. Na ga Oga yana zufa a ɗakin da ruwa ke neman daskarewa. Allah ya taimaka aka samo sabo da gaggawa, jeren ya miƙe.

Da ƙura ta lafa Oga ya juya mataccen a hannunsa, ya tambayi wa ya ɗaura wannan tsohon. Kowa ya dube ni. Maigidanki takalminsa ya duba. Oga ya ce ranar Litinin za a zauna, in babu bayani ni da hukuma.

Yaya, kin ce in tuna da bakin yara, kuma wallahi da su nake kwana da su nake tashi. Na iya haƙuri da sanyi da tsawa da raini, amma ba zan ɗauki sunan ɓarawo in kai wa Mama ba. Na gaya wa maigidanki ya riga ni magana a zaman, ya maido abin da ya rage, ni kuma zan durƙusa tare da shi mu roƙi Oga. In ya ƙi, zan faɗi abin da idona ya gani, ba ƙari ba ragi.

Ki gaida Mama, kada ki gaya mata komai tukuna. Ki ce wa yara kawunsu yana nan yana sonsu.

Ko na haɗiye harshena ma, ba ni kaɗai na gani ba. Dogo mai gyaran na'urar sanyi, wanda na buɗe wa ɗakin ranar, yana kan tsani lokacin da na zaro faifan, ya ga noti uku da idonsa. Inna mai shara ta ce ta sha ganin maigidanki yana fita da kular abinci, ya tallabe ta hannu biyu, alhali ya riga ya cinye abin ciki. Ta ukun kuma ke ce, Yaya. Ni huɗu na ɗaura, uku aka mayar, kowane ɗaya da kika tsinta a aljihu raminsa yana nan a ɗakinmu. Kada ki zubar, kada ki aiko mini. In ya zo ranar Asabar ki ajiye masa gwangwanin a gabansa, ki dubi fuskarsa.

Ƙaninki har kullum,
Auta.