Dutsen kicin ɗin Mma

Daren Laraba, Dungu

Yau dai Masta Fuseini magini ya gama ɗora dutsen saman teburin kicin. Tun makon jiya nake fama. Da kaina na je na zaɓa, ina watsa wa kowane falle ruwa don in ga ainihin launinsa, har na samu baƙi mai farar jijiya. Da aka kawo, muka shimfiɗa su a tsakar gida, muna ta juyawa cikin rana har jijiyoyin suka haɗu. Tsayin ma da ƙuguna aka auna.

Da la'asar na ɗauko mahaifiyata Mma daga unguwar Aboabo, tunda dominta na yi ginin. Ta shafa dutsen, ta ce, "Ya yi kyau, Ayisha. To a ina zan zauna in tuƙa tuwo?"

Wallahi ko kaɗan wannan bai zo mini a rai ba. Tun ina yarinya a kan 'yar kujera nake ganinta, ta take ƙarafunan da ke riƙe tukunya. Ga ciwon gwiwa yanzu, tsayuwa ta gagare ta.

Ta ja kurfotinta, murhun ƙarfen da muka taho da shi, zuwa waje, ta hura gawayi. A can ta tuƙa tuwon, muka ci.

Mayafinta kaɗai ta ɗora a kan dutsen.