Ƙorafi Kan Injin Matsar Gyaɗa da Aka Ƙi Saki a Pantami

Daga: Asta Ɗantala, Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Ƙuli-ƙuli, Kwadon

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Kwamitin Sasanta Rigingimun Kasuwanci, Gombe

23 ga Oktoba, 2017

Game da: Ƙin bin hukuncin kwamitinku

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwa idan rubutun ya karkace. Cikin murna nake rubuta shi, duk da cewa ƙorafi na kawo.

1. Mu mata ne da rikici ya koro daga Damboa da Buni Yadi. A bara muka sa Oga Onwuka, ɗan kasuwa a unguwar Malam Inna, ya sayo mana injin matsar gyaɗa daga Sudan. Kamfanin Dakon Kaya na Balbela ya kawo shi sitonsa na Pantami, sannan ya ƙi sakinsa, wai kamfanin inshorarsa yana tsoron takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan.

2. A ranar 4 ga wannan wata kwamitinku mai adalci ya bayyana cewa takunkumi iri-iri ne. Na Majalisar Ɗinkin Duniya da na Tarayyar Turai sun tsaya ne kan makamai da wasu mutane. Amurka ce kaɗai ta hana ciniki, dokarta kuma ba ta hau kan matan Kwadon ba. Ranka ya daɗe, mun ci shari'a! Ni ce na rangaɗa guɗar nan a zaurenku, ina roƙon gafara.

3. Ana cikin haka sai muka ji a rediyo cewa Amurkar da kanta ta janye takunkumin cinikin. Oga Onwuka ya rufe shago ya zo har Kwadon yana rawa, ya raba mana lemo.

4. Muka ɗauko akori-kura muka nufi Pantami cikin ankonmu, muna waƙa. Amma mai kula da siton, Malam Hudu, ya ce ba zai buɗe ƙofa ba sai ya ga takarda daga Amurka da sunansa a kai. Na tambaye shi cikin ladabi ko Amurka ta san da zamansa. Ya ce wannan ba hurumina ba ne. Ya dai bari muka leƙa ta taga. Injin kore ne, ranka ya daɗe, kore shar!

5. Sabuwar gyaɗa ta shigo. Idan muka rasa wannan kaka, dillalai za su kwashe ta, mu koma turmi da taɓarya.

Saboda haka muna roƙon ka umarci kamfanin ya saki injin cikin wannan mako. Idan zai yiwu, a turo jami'in da zai karanta wa Malam Hudu hukuncin a hankali, ba tare da tsawa ba, don mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya kama shi. Mun riga mun zuba siminti inda injin zai zauna, har ya bushe.

Taka mai biyayya,

Asta Ɗantala