Baba, Ba a Ɗage Taron Ba

Zuwa ga mahaifina, Baba Danjuma na masaƙa,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, cikin sunan Ubangiji wanda ya kira ka gida. Da kana gida a unguwar Nasarawa har yanzu, da na fara da tambayar tarin nan naka da ciwon gwiwa, to inda kake babu tari babu gwiwa, don haka na wuce wannan. Mama tana nan lafiya, sai rigimar tsufa. Jikokinka sun girma, Bulus har ya fi ni tsawo. Bayan haka, Baba, wata magana ce ke ci na, yau kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Daga ofishina nake rubuto maka, a makarantarmu da ke unguwar Television. An tashi, yara sun watse, maigadi ya leƙo sau biyu yana kaɗa makullai. Na zauna, na tashi, na goge teburin da ba shi da datti, na sake zama. Ka san halina in abu ya dame ni. Kai ne ke cewa kamar an zuba mini tururuwa a zane.

Ka bar ni ina malamar aji. Yanzu an ƙara mini wani aiki, wai ni ce mai ba yara shawara a kan abin da za su yi da rayuwarsu in sun gama sakandare. Ni Saratu! Ni da har yau ban san yadda aka yi na zama malama ba, wai ni ce zan nuna wa 'ya'yan mutane hanya. Ka yi dariyarka, ai da abin dariya.

Gobe Juma'a ce ranar sana'o'i. Ka san yadda ake yi, bai canja ba tun zamaninmu, sai ƙarin ado. Kowane yaro ya zo da shigar abin da yake so ya zama. Bara na ƙirga likitoci har na gaji na bari. Farar riga ta haya, abin awon ƙirji na roba a wuya, ga lauyoyi da hular auduga da aka manna da gam. Ka tambayi yaro me likita ke yi daga safe zuwa yamma, sai ya ce allura. Manyan baƙi su zo su yi Turanci, a tafa, a sha lemo, a watse. Mu kuma malamai mu ɗauki takardar maki: mai maki da yawa ajin kimiyya, ko yana so ko ba ya so, sauran su je can su nemi wuri. Ba mai tambayar yaro me hannunsa ya iya. Abin nan yana ƙona mini rai, kuma da hannuna nake rubuta sunayen.

Akwai wata yarinya, Jummai, tana aji huɗu, ajin kimiyya. Ba ta da surutu. Watan jiya injin da ke tura mana ruwa sama zuwa tanki ya fara wani irin kuka. Malamai maza uku suka tsaya a kansa, hannu a ƙugu, kowa na kawo nasa ilimin. Sai ga yarinyar nan ta ari sukundireba a wurin maigadi, ta ɗora bakin sukundirebar a jikin injin, ta manna mariƙin a kunnenta, ta rufe ido. Can ta ɗago ta ce, "Boris ne, Malama, na baya. Kada a sake kunna shi." Washegari mai gyara ya zo ya buɗe, boris ne, na baya, zoben ƙarfen nan da sandar injin ke juyawa a cikinsa.

Baba, na tsaya a wurin ina kallonta. Tun da ka tafi ban sake ganin wanda ya rufe ido ya saurari ƙarfe haka ba.

Na bincika, ashe mahaifinta, Malam Istifanus, gyaran injin ruwa da janareta yake yi a bakin titin Gonin Gora, a gabansa ta tashi. Nan take na sa sunansa cikin waɗanda za su yi wa yara magana gobe, tsakanin likita da ma'aikacin banki. Shugabar makaranta ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama Saratu, iyaye sun kawo 'ya'yansu ne don su zama manya, ba don su kalli mai gyaran famfo ba." Na kafe, ka san ni da taurin kai, gadonka ne. Ta gaji ta bar ni. Na buga wa mutumin waya, ya yi ta godiya har na ji kunya.

Ranar Litinin sai ga Jummai a ofishina. Ta rufe ƙofa, ta durƙusa har ƙasa. Abin da ta ce yana nan a kunnena: "Don Allah, Malama, ki cire sunan babana. Ba ya jin Turanci sosai, hannunsa duk baƙin mai ne. Za su yi mini dariya har in gama makarantar nan. In ya zo, ni ba zan zo ba." Ta riga ta karɓo farar rigar haya. Likita za ta zama, in ji ta, alhali kimiyyar sinadarai tana ba ta kashi kowane zango, tana kuka a bayan aji.

To ga abin da ya sa na kasa zama. Wataƙila wata rana wasu za su karanta wasiƙar nan, har da 'yan ajinmu na da. Su karanta.

Ka tuna shekarar da nake aji huɗu, da malaminmu ya aiko maka da takarda, yana roƙon ka zo ka gaya wa yara yadda ake aikin masaƙa? Ka sa na karanta maka sau uku. Ka je ka roƙi wani ya karɓi aikinka na safe, kai ka yi masa nasa na Lahadi, kai da ba ka fashin coci ko ana ruwan sama. Mama ta wanke shuɗiyar rigar aikinka, ta goge ta da dutsen guga na gawayi har tana ɗaukar ido. Ka samo tsohuwar ƙoshiyar injin saƙa, mai kai zare da komowa, da curin auduga, da zare, da guntun atamfa, ka jera su a leda, wai za ka nuna mana tafiyar auduga daga gona har jikin mace. Kwana uku kana gwada jawabinka a tsakar gida, kaji na kallonka.

Ni kuwa kunyar zuwanka nake ji. Ƙarar injuna ta riga ta taɓa maka kunne, in kana magana sai a ji ka daga bakin layi. Turancinka rabi Hausa ne, rabi na kasuwa. Kullum akwai farar audugar da ke maƙale a gashinka da girarka. Baban ƙawata kuma ma'aikacin gwamnati ne, da mota zai zo.

Da safen ranar, kana zaune a kan benci kana ɗaure takalmi, na tsaya daga bayanka na ce, wai an ɗage taron, sai wani lokaci. Hannunka ya tsaya a kan igiyar takalmin. Ba ka juyo ba. Ka ce, "To, ba komai, Uwata. Allah ya kai mu." Na ɗauki jakata na fita da gudu.

Ba a ɗage ba, Baba. An yi taron. Malamin ya kira sunanka sau biyu, na tashi na ce ba ka da lafiya. Na tafa wa baban ƙawata har tafina ya yi ja.

Na san ka sani. Ɗan maƙwabcinmu ajinmu ɗaya, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya, ko ranar da na ɓata maka rai a kan wani abu daban. Amma daga makon nan ka fara tuɓe rigar aiki tun a masaƙa, ka wanke kai a famfonsu kafin ka fito. Ka daina bi ta ƙofar makarantarmu da kekenka, sai ka zagaya ta Kakuri, hanya mai nisa, da wannan gwiwar taka. A lokacin daɗi na ji. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Sai da na haifi nawa na gane abin da na yi maka.

Kuma ka daina kira na in kana gyara. Da can in an kawo maka injin niƙa gida, ni ce mai riƙe sifana. Kai ka fara ɗora mini mariƙin sukundireba a kunne, ka ce, "Yi shiru, inji ba ya ƙarya, shi zai gaya miki inda ke masa ciwo." Da na faɗi daidai ka daka tsalle kana kiran Mama, "Zo ki gani, yarinyar nan tana da kunne!" Bayan ranar taron ba ka sake miƙo mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na bi farar riga. Na faɗi jarrabawa sau biyu, na yi yawo a gari shekara uku, daga ƙarshe na shiga kwalejin malamai don nan ne aka samu gurbi. Ba na raina aikina, yana ciyar da ni, ina son yaran. Amma har yau in na wuce inda inji ke aiki sai ƙafata ta rage sauri.

Da aka rufe masaƙa, jiniyar da ke tashe mu ta yi shiru, na ce yanzu kana gida, zan samu lokaci in roƙe ka gafara. Yau, gobe, bayan Kirsimeti, bayan bikin wance. Har tarin ya kwantar da kai. Na zauna a gefen gadonka ina ba ka kunu da cokali, maganar tana bakina, na haɗiye ta tare da hawaye.

Shekaranjiya na kasa haƙuri, na hau a-daidaita har Gonin Gora. Ban ma san me zan ce wa mutumin ba. Wataƙila, Allah ya sani, na je ne in ce masa an ɗage. Na same shi ƙarƙashin rumfar kwano, tireloli na wucewa suna girgiza ƙasa. Ya goge benci da hularsa ya ba ni. Sai ya jawo wani tsohon injin ruwa da ya yanka gida biyu, ya wanke shi tas, ya shafa wa kowane sashe fenti daban don yara su ga yadda ruwa ke shiga da yadda yake fita. Kwana uku yana wannan aiki, ya ƙi karɓar gyaran kowa. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya sassauta murya ya ce, "Malama, in sa babbar riga ne, ko in zo da kayan aiki? Ba na so in ba yarinyar kunya."

Haba, Baba. Sai da na juya ina kallon motoci kafin na iya magana. Na ce masa ya zo da kayan aikinsa.

Jiya na kira Jummai. Ban yi mata faɗa ba, da wane bakin? Na ce mata ba zan cire sunan ba. In tana so a cire, ta je da kanta ta dubi idon mahaifinta ta gaya masa gaskiya, ban da ƙarya. Sannan na ba ta labarinka, wanda ban taɓa ba kowa ba, ko mijina. Na gaya mata har zagayen da kake yi ta Kakuri. Na ce mata akwai makarantun da ake karanta inji har a zama injiniya, akwai hanyar da kunne irin nata zai ciyar da gida, in kuma likitan take so tsakaninta da Allah zan tsaya mata, amma ta zaɓa don tana so, ba don tana gudun baƙin mai ba. Ta yi ta murza gefen siket. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ƙarfe nawa ne zai yi magana?"

Tun jiya nake juya tambayar nan. Don ta zo ta tambaya, ko don ta san lokacin da za ta ɓuya? Ban sani ba. Kuma ina tsoro. Yara ba su da tausayi, na fi kowa sani. In suka yi masa dariya fa? In na tsaya wanke laifina da hawayen 'yar wani fa? Na ɗauki biro yau sau uku zan soke sunan, sau uku ina ajiyewa. Ɗazu na kai takardar wurin mai bugawa, an riga an buga, babu sauran sokewa.

Kafin in kai ta, na ƙara suna ɗaya a saman jerin, nawa, shugabar ba ta ma lura ba tukuna. Jiya da yamma na je gida wurin Mama, ta buɗe akwatinka. Ledar tana nan, Baba. Ƙoshiyar, da zaren, da guntun atamfar, audugar ta koma ruwan ƙasa. Mama ta ce ka hana kowa taɓa ta, wai ka ce a ajiye, tunda an ce sai wani lokaci. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Gobe ni zan fara hawa, kafin likita, kafin na banki. Zan sa shuɗiyar rigarka, ta yi mini yawa, zan naɗe hannun. Zan gaya musu 'yar wa ce ni, da ƙarfi, yadda za a ji daga bakin layi. In dariya ce su fara da ni, kafin Malam Istifanus ya hau sun gaji. Zan jera kayanka a tebur yadda ka jera su a tsakar gida. Ban riƙe jawabinka duka ba, kaji sun fi ni sauraro, amma zan faɗi abin da na tuna.

Ka yafe mini, Babana. Na yi maka ƙarya, na ji kunyar hannun da ya ciyar da ni. Taron yana nan, gobe ƙarfe goma na safe, a babban ɗakin taro. Na sa maka kujera a layin gaba, kusa da taga, saboda kunnenka.

Ubangiji ya ba ka hutawa a gabansa. Ya buɗe bakin Malam Istifanus gobe, ya tsare shi daga dariyar yara. Ya kama hannun Jummai ya shigo da ita ta ƙofar nan, ko da a layin baya za ta zauna, kada ta ɗauki irin kayan da na ɗauka. Ya ba mu, mu malamai, idon ganin abin da ke hannun kowane yaro. Amin.

Maigadi ya sake leƙowa, bari in tashi. Akwai gugar rigarka a gabana.

Taka har kullum,
Saratu, Uwarka mai kunne